Tsohon Kati ko Sabo: Wanne Zai Ja Maka Wasa?

Sharhinmu na yau ya shafi matasan da ke haɗa kwamfutar wasa, da masu gidajen gem, har da iyayen da ake tasa wa a gaba ana cewa a ƙaro kuɗi domin a sayi katin girafik. Wannan kati shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo: ciyawar fili, rigar ɗan ƙwallo, hayaƙin mota, inuwar gini. Hoto bayan hoto yake zanawa, kuma idan ya iya fitar da 60 a kowace daƙiƙa sai wasa ya tafi sumul. Idan ya gaza 30 sai ka ga ɗan wasa yana tafiya yana cijewa. A yawancin kwamfutocin wasa babu abin da ya kai shi tsada, shi ya sa gardama a kansa ba ta ƙarewa.

Masu gardamar sun rabu gida biyu. Waɗansu na cewa da tsohuwar zuma ake magani, ka nemi katin da ya yi tashe shekarun baya ka saye shi na hannu da araha. Waɗansu kuma na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, ka daure ka ɗauki sabo a kwali. Ni ra'ayina shi ne, shekarun kati ba su ne abin fara tambaya ba. Tsofaffin katunan da ake yabo har yanzu da sauran ƙarfinsu. Abin da ke kashe su shi ne ranar da sabon wasa ya nemi wani abu da ba a gina su da shi ba tun asali. Sababbin kuma, duk da fifikonsu, akwai wurin da kamfanoni suka yi mana ƙwauro, kuma ya kamata mai saye ya san wurin.

Mu fara da tsofaffin, don su ne suka cika kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har shagunan titin Beirut a Kano. A watan Yulin 2016 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da GTX 1060 mai memori giga 6 a kan dala 249. A watan Afrilun 2017 abokin hamayyarsa AMD ya fitar da RX 580 mai giga 8 a kan dala 229. Waɗannan biyu kusan ƙarfinsu ɗaya, kuma su ne suka zama katin talaka a duniya. A ƙidayar da dandalin Steam ke yi duk wata na irin kayan da masu wasa ke amfani da su, GTX 1060 ya riƙe matsayi na ɗaya kimanin shekara biyar, sai a ƙarshen 2022 aka ture shi. Sama da su kuma akwai sarkin zamanin, GTX 1080 Ti, wanda ya fito a watan Maris na 2017 da giga 11 a kan dala 699. Har yau idan aka ambace shi a gaban tsofaffin 'yan wasa sai ka ga suna jinjina kai, domin da wuya a sake samun katin da ya daɗe yana biyan mai shi kamarsa.

To, ina sabo ya tsere musu? Ɗauki RTX 4060 da ya fito a watan Yunin 2023 a kan dala 299. Ƙarfinsa ya ninka na GTX 1060 fiye da sau biyu. Idan ka jera shi da GTX 1080 Ti kuwa, a wasannin da ba sa buƙatar sababbin dabaru, kusan kunnen doki suke yi, sabon yana ɗan gaba kaɗan. Wato ƙaramin katin 2023 ya kamo babban katin 2017. Amma ba a nan ne abin mamakin yake ba, sai a wajen wuta. GTX 1080 Ti yana shan wat 250, RTX 4060 kuwa wat 115 kawai. Aiki ɗaya, da ƙasa da rabin wutar. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ke cikin katin, wadda kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙerawa, ana ta ƙanƙanta sassanta daga zamani zuwa zamani, kuma duk lokacin da suka ƙanƙance sai su rage shan wuta da fitar da zafi.

Mutumin Jamus ko Kanada zai iya jin wannan ya wuce, mu kuwa a nan dole mu tsaya a kai. Bari mu yi lissafi a fili. RX 580 yana shan wat 185, wato ya fi RTX 4060 da wat 70. Idan kana wasa awa 5 kullum, bambancin a wata bai wuce yunit 10 da rabi ba. Ko kana rukunin Band A, inda tun watan Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, abin da za ka ƙara biya ɗan sama da naira 2,000 ne a wata. Don haka duk wanda ya ce maka kuɗin wuta kaɗai zai mayar maka da kuɗin sabon kati, ya yi maka daɗin baki. Sai dai mutum nawa ne cikinmu ke dogara da wutar gwamnati ita kaɗai? Wanda ke kan batir da inbata, wat 70 ɗin nan shi ne zai sa batirinsa ya mutu kafin a tashi wasa. Mai gidan gem da ke da kwamfuta 10 yana aiki awa 10, shi bambancin nasa yunit 7 ne a kowace rana, kuma daga janareta ko sola zai fitar da su, ga fetur yadda ya koma tun cire tallafi a watan Mayun 2023.

Sannan ga zafi. Duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa a cikin ɗakin da kake zaune. Kati yana da dabarar kare kansa: idan zafinsa ya haura digiri 80 da 'yan kai, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Waɗanda ke gwada katunan nan suna wallafa sakamako, yawanci a ɗaki mai sanyi suke gwajin. Kai kuwa kana Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar tun watan Janairu. Tsohon kati mai shan wat 250 ba zai ba ka abin da ka gani a bidiyon gwaji ba. Wannan shi ne babban abin da nake ganin sabo ya fi tsoho a ƙasarmu, kuma shi ne wanda mai shago ba ya cika ambata.

Yanzu mu juya ga inda sababbin suka ba mu kunya, wato memori. Memorin kati kamar teburin tela yake. Idan teburin yana da faɗi, zai shimfiɗa yadin gaba ɗaya ya yanka hankali kwance. Idan ƙarami ne, komai gwanintarsa sai ya riƙa naɗewa yana warwarewa, aiki yana tsayawa. Haka kati yake: idan kayan wasan sun fi ƙarfin memorinsa, sai ka ga hoto yana tsinkewa, ko bango ya fito dishi-dishi kafin ya washe. To ku duba. RX 580 na 2017 giga 8 ne a dala 229. RTX 3060 na watan Fabrairun 2021 ya zo da giga 12 a dala 329. Magajinsa RTX 4060 sai ya koma giga 8. RTX 5060 da ya fito a watan Mayun 2025 a dala 299, shi ma giga 8. Shekara takwas ke nan ana tsaye wuri ɗaya, alhali wasanni ba su tsaya ba. A farkon 2023, lokacin da Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka fito a kwamfuta, masu katunan giga 8 da dama sun ga yadda wasa ke sarƙewa idan aka ɗaga kyan hoto zuwa ƙarshe. Shi ya sa ake samun wasannin da RTX 3060 mai giga 12, duk da ya fi rauni a lissafi, yake tafiya ba tangarɗa a inda ƙaninsa ke tuntuɓe.

Me ya jawo wannan ƙwauro? Ni dai ina kallon inda kuɗi ya koma. A shekarar kuɗin Nvidia da ta ƙare a watan Janairun 2025, kamfanin ya yi cinikin kimanin dala biliyan 130. A ciki, kimanin biliyan 115 daga cibiyoyin bayanai da ƙirƙirarriyar basira suka fito, ɓangaren wasa kuwa biliyan 11 da 'yan kai. Kamfanin da masu wasa suka yi rainonsa tun yana ƙarami, yau ba su ne manyan abokan cinikinsa ba. Kuma kati mai araha mai yalwar memori zai iya jawo masu aikin basirar na'ura su bar masu tsada. Abokan hamayya sun ɗan yi yunƙuri: Intel ya fitar da Arc B580 mai giga 12 a dala 249 a watan Disamban 2024, AMD kuma ya fitar da RX 9060 XT mai giga 16 a dala 349 a watan Yunin 2025. Amma shi ma AMD ɗin ya yi wani mai giga 8 da suna iri ɗaya, sai ka karanta kwali da kyau.

Akwai kuma dabarun da ake tallata sababbin katuna da su, kuma a nan sai an yi hattara da bakin 'yan talla. Ta farko ita ce DLSS, wadda Nvidia ya fara da jerin RTX 20 a 2018. Katin zai zana ƙaramin hoto, sannan basirar na'ura ta faɗaɗa shi ta cike gurabe har ya yi kama da babba. Da farko ba ta yi armashi ba, amma daga 2020 ta gyaru sosai, kuma gaskiya riba ce: wasa yana ƙara sauri, ido kuma da wuya ya gane bambanci. Katunan GTX ba su da ita. Abin da ya cece su shi ne AMD ya fitar da tasa mai suna FSR a 2021, ya bar ta a buɗe tana aiki har a kan katunan abokin hamayyarsa. Ba ta kai DLSS tsabta ba, amma ta ƙara wa tsofaffin katuna kwana.

Dabara ta biyu ita ce ƙirƙiro hotuna. Katin zai zana hoto na gaske guda biyu, sai ya ƙago wani ya cusa a tsakani. Jerin RTX 40 yana cusa ɗaya, jerin RTX 50 ya zo yana cusa har uku. Da wannan ne shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya tsaya a bajekolin CES na Las Vegas a watan Janairun 2025 ya ce RTX 5070 na dala 549 zai ba da aikin RTX 4090 na dala 1,599. Da katin ya shiga hannun masu gwaji, sai aka ga idan an kashe hotunan cusawa ko kusa bai kai ba. Ƙagaggun hotunan suna sa motsi ya yi laushi a ido, ba a musu. Amma ba sa sa ɗan wasanka ya amsa da sauri idan ka danna, domin katin ba ya sauraron hannunka sai a kan hotuna na gaske. Ga mai buga ƙwallo ko wasan harbi da abokan hamayya, saurin amsawar nan shi ne wasan. Idan mai shago ya nuna maka lamba 200 tana rawa a kusurwar allo, ka tambaye shi nawa ne na gaske a ciki.

Duk da haka, akwai katangar da tsohon kati ba zai tsallake ba, kuma an riga an fara gina ta. Tun 2018 sababbin katuna ke zuwa da wani sashe na musamman mai bin sawun haske, yana lissafa yadda haske ke dukan ruwa ko gilashi ya dawo. Shekaru da dama wannan ado ne kawai, ka kunna ko ka kashe. Amma Indiana Jones and the Great Circle da ya fito a watan Disamban 2024, da Doom: The Dark Ages na watan Mayun 2025, an gina su ne a kan wannan dabara. GTX 1080 Ti, da duk giga 11 ɗinsa, ba ya cikin katunan da aka yi wasannin domin su, alhali RTX 2060 Super wanda bai kai shi ƙarfi ba yana ciki. Ga kuma batun direba, wato manhajar da ke fassara tsakanin wasa da kati. Daga watan Oktoban 2025 Nvidia ya daina yi wa jerin GTX 900 da GTX 10 sababbin direbobin wasa, sai gyaran tsaro kawai zuwa 2028. AMD ma tun ƙarshen 2023 ya ja baya da kula da su RX 580. Katin ba zai mutu gobe ba, wasannin da yake ja zai ci gaba da jansu. Amma idan sabon wasa ya fito da matsala a kansa, ba wanda zai tashi ya gyara.

Sai dai mu tambayi kanmu, me muke bugawa? Shiga gidan gem a Kaduna ko Katsina ko Maraɗi, abin da za ka tarar ƙwallo ne, da GTA, da Mortal Kombat, da Call of Duty. GTA V ya shigo kwamfuta tun 2015, kuma katin da masu shi suka ba da shawara a lokacin GTX 660 ne mai giga 2. EA Sports FC 24 kuwa, mafi ƙarancin abin da ya nema GTX 1050 Ti ne ko RX 570, wanda aka fi so kuma GTX 1660. Duk waɗannan tsofaffi ne. Sannan ka dubi allonka. Mafi yawanmu allon 1080 muke da shi, mai ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, wanda ba ya nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa. Allon 4K ɗigonsa ya haura miliyan 8, ninki huɗu ke nan, shi ne ke buƙatar manyan katuna. Wanda ya sayi katin da ke fitar da hoto 150 ya haɗa shi da allo mai nuna 60, ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani ba. Idan ka lissafa dala 299 a kan naira 1,500, ka kusa naira 450,000 tun kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ba kuɗin da za a kashe don burga ba ne.

Wanda ya yanke shawarar sayen na hannu, to ya buɗe ido, domin kasuwar nan akwai rami. Tsakanin 2017 da 2022 an kwashe katuna masu ɗimbin yawa ana haƙar kuɗin kirifto da su, musamman Ethereum, suna aiki dare da rana babu hutu. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙa da kati ta ƙare, sai katunan suka malalo kasuwannin duniya, RX 570 da RX 580 a kan gaba. Ba kowane katin haƙa ne ya lalace ba, wasu ma an fi kula da su fiye da na 'yan wasa. Amma fanka ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wani lokaci an sauya manhajar cikinsa. Akwai kuma wasa da suna. Wanda ake kira RX 580 2048SP, da aka yi don kasuwar Sin, a gaskiya ɗan'uwan RX 570 ne. GTX 1060 mai giga 3 ba memori kaɗai aka rage masa ba, har ƙarfin lissafi. RTX 3060 yana da mai giga 8 wanda bai kai mai 12 sauri ba. Mafi muni su ne na jabu, inda ake ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a sauya masa suna ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti.

Maganin wannan ba wuya. Kada ka biya sai an sa katin a kwamfuta a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z, kyauta ce, za ta nuna ainihin ƙwaƙwalwar da ke ciki, kuma tana tona yawancin na jabu. A kunna wasa mai nauyi a bar shi kamar rabin awa, kana kallon zafi, kana sauraron fanka. Idan ka ga ɗige-ɗige masu launi ko layuka suna gilmawa a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, ka ajiye shi komai arahar da aka yi maka. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Shi ma mai sayen sabo yana da nasa tarkon, wato sauran kwamfutar. Da yawa cikin matasanmu tsofaffin kwamfutocin ofis suke saye, irin su Dell OptiPlex da HP, su ƙara musu kati. Akwatin wutar waɗannan ƙarami ne, kuma galibi ba shi da wayar da ake jona wa kati. Ramin da ake soka katin wat 75 kaɗai yake bayarwa, don haka abin da zai shiga lafiya shi ne irin GTX 1050 Ti, ko GTX 1650, ko RTX 3050 mai giga 6. Idan ka tilasta masa babban kati da wayar haɗe-haɗe, kana iya rasa duka biyun. Haka kuma tsohuwar furosesa ba za ta iya ciyar da sabon kati da aiki ba, sai ya zauna yana jira. Arc B580 na Intel, duk da kyan farashinsa, shi ya fi kowa tsaurin ido a nan: yana buƙatar wani tsari da ake kira Resizable BAR wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi, idan babu shi sai ƙarfinsa ya zube. Su kuwa manya irin RTX 5090, mai dala 1,999 da shan wat 575, ban ga abin da zai kai mai ƙaramin janareta wurinsu ba.

Idan aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. Mai buga ƙwallo da GTA a allon 1080, wanda yake da GTX 1060 ko RX 580 mai lafiya, ya riƙe abinsa, ya buɗe shi ya hure ƙura, ya sa a sauya masa man sanyaya, ya adana kuɗinsa. Amma wanda zai fitar da kuɗi yau, ba zan ce ya sayi katin 2016 ko 2017 ba, ko da GTX 1080 Ti ne, sai fa idan arahar ta kai ta kyauta, domin kamfani ya riga ya saki hannunsa. Na tsakiya su ne suka fi dacewa da aljihunmu: RX 6600 na 2021 mai giga 8 da shan wat 132, ko RTX 3060 mai giga 12 da wat 170. Suna bin sawun haske, ana yi musu direba, kuma farashinsu na hannu ya sauko. Wanda kuma yake da halin sabo a kwali, kuma yana son katin ya kai shi shekara huɗu ko biyar, ya ƙara ɗan abin da zai ƙara ya ɗauki mai giga 12 ko 16. Mai gidan gem da ke kan sola shi kaɗai zan ce ya fifita RTX 4060 duk da giga 8 ɗinsa, domin ƙwallo ba ta cin memori, batir kuwa yana jin kowane wat.